Sunan Da Ado Ya Tsallake

Bana shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar Danjuma tela, mai kiɗan mandolin, kuma har yau ina jin kunyar tambayar da na fara yi masa. Ranar da na ga abar a shagonsa, wata 'yar jita mai ciki kamar rabin kabewa, tsirkiyoyinta biyu-biyu a jere, sai na ce, "Ɗaya ce ke aiki, ɗayar safaya ce, ko?" Ni ɗan dako ne a Farin Gada, ajina biyu a makaranta malam ya gaji da ni, iya sanina taya da kwandon tumatir. Danjuma ya yi dariya har allura ta soke shi. Daga ranar muka ƙulla.

Wajen Oga Okoro ya koya, wani mai gyaran rediyo a Anguwan Rukuba da ke kaɗa ta a coci. Okoro ya ba shi waƙoƙin coci da kiɗan rawa na hailaif, sauran kuwa kunnensa ne ya tsinto. In ya je wajen mahauta sai ta yi magana kamar kalangu. 'Yan mata su nemi kiɗan fim ɗin Indiya a wajen kamu, ya ba su. Masu garaya suna cewa yana ɓata musu kiɗa, 'yan otal suna ce masa baƙauye, amma dukkansu sai sun tsaya sun ji ƙarshe kafin su zage shi.

A ƙarshen shekarun saba'in ya tsara kiɗan da ya kira Tafkin Kuza, don a bakin wani ramin da masu haƙar kuza suka bari yake zama yana haɗa shi. Yana farawa a hankali kamar waƙar coci, ya karya ya koma goge, ya ƙare da hailaif mai tayar da tsofaffi daga kujera. Ado ne ya ɗora masa waƙa, abokin Danjuma tun suna yara. Murya kam Allah ya ba Ado, ba zan rage masa ba. Ni aikina a cikinsu shi ne ɗaukar ganguna da cin shinkafar biki.

Yaran yanzu sai an yi musu bayani. A zamaninmu, in mawaƙi ya zo ƙarshen waƙa yakan bi mutanensa ɗaya bayan ɗaya, ya ambaci mai ganga, 'yan amshi, da wanda ya tsara kiɗan. Wannan ambaton shi ne duk shaidar makaɗi a duniya. Wanda aka tsallake ba ya cikin waƙar, ko da shi ya haife ta.

Sai wani alhaji mai motocin haya ya ce zai kai Ado Legas a yi masa faifai. Daga baya muka ji ya gindaya sharaɗi, ba ya son sunansa ya haɗu da na mai kiɗan coci. Ado ya gaya wa Danjuma tafiya sai bayan Sallah. Ni kuma ya ce mini, "Tanko, loda kayan kawai. Danjuma zai biyo mu a jirgin ƙasa, ka san mota na sa shi amai." Na yarda. Na ɗaure ganguna tamau, har na ɗaga musu hannu.

Wata safiya muna teburin mai shayi, Danjuma na gefena, rediyo ta saki Tafkin Kuza. Wani ne ya kaɗa da jita, bai canza komai ba. Ado ya ambaci alhajin, ya ambaci direba, ya ambaci mai ganga, sannan ya ce, "Tanko na Farin Gada, in ya ɗaure ba ya kwancewa!" Kasuwa ta ɗauki ihu. Na miƙe na ɗaga hannu biyu kamar na ci dambe. Ina tsaye ina jiran sunan da ya rage, waƙa ta ƙare, aka shiga labaran duniya.

Okoro ya so ya je gidan Ado da sanda, Danjuma ya hana shi. Abin da ya karya Danjuma ya zo ne daga baya, a wani biki a Daɗin Kowa. Ya kaɗa kiɗan nasa, wani saurayi ya matso ya ce, "Malam, wallahi ka iya kwaikwayon Ado." Danjuma ya ce ya gode. Ya ci gaba da kiɗa har ƙarfinsa ya ƙare, ya tsara wasu da yawa, amma ban sake jin Tafkin Kuza daga hannunsa ba. Ado kuwa da ya zo gaisuwar mutuwar Danjuma har kuka ya yi, a sahun gaba ya zauna.

Ina tunanin me Danjuma zai ce da ya ga yau. Yara na cakuɗa kiɗan ko'ina a waya ana yaba musu, abin da aka zage shi a kai. Garin kuma tun bayan rikice-rikice ya zama sai ka tambayi wace unguwa kafin ka shiga, shi da yake rataya mandolin ya ratsa ko'ina a ƙafa. Ban san wanne zai fi ba shi mamaki ba.

Kiɗan na nan, ana sa shi a biki ana cewa tsohon kiɗan Ado. Jikokina na maimaita wajen sunana suna tsalle. To ga shi na faɗa a jarida, na Danjuma ne. A waccan safiyar ta teburin mai shayi, da na koma na zauna, Danjuma yana juya shayinsa, bai ko ɗago ba ya ce, "Tanko, ashe sunanka yana daɗi a kan kiɗana."