Allurar Barci da Kunyar Ɗan Fari

A Jidda, lokacin da nake tafinta ga masu jinya, na ga wani tela da allurar barci ta juye masa ana cikin tiyata. Zuciyarsa ta tsaya. Suka jona shi da wata na'ura mai zuƙe jini, ta ba shi iska, ta mayar jiki. Ita ta yi masa aikin zuciya da huhu har nasa suka farfaɗo. Da ƙafarsa ya koma shago.

Ɗan ƙanena direba ne tsakanin Shinkafi da Ƙaura. Gwaiwa ce kawai za a yi masa aikinta. Shi ne ɗan fari, don haka ubansa bai taɓa kama sunansa ba, bai kuma shiga asibitin ba. Ya zauna can gindin dalbejiya kamar wanda ya rako baƙo. Da likita ya aiko a tambayi ko allurar barci ta taɓa cutar da wani a dangi, sai ya ce, "Ga abokinai nan, a tambaye shi."

Abokin ya ce babu. Ina zai sani? Uwar yaron ta rasu ne kan gadon tiyata, jikinta ya ɗauki zafi kamar garwashi, tun shi da yaron suna rarrafe.

Ina isowa daga Zurmi na tarar ana guje-guje, jikin yaron ya ɗauki zafi kamar na uwarsa. An sayo ƙanƙara wurin masu sayar da ruwan leda an jibga masa. Wata ma'aikaciya tana matsa jakar roba tana hura masa iska, likita yana danna ƙirjinsa, gumi na ɗiga. Na tambaya ko suna da na'urar nan ta Jidda, har da Turanci. Likitan bai ɗago ba. "Baba, ko maganin da ke karya zafin ba mu da shi."

Bayan an rufe shi da zane, likitan ya ce abin gado ne, yana bin jini. Da ya ji labarin uwar, da allurar baya zai yi, yaron yana farke.

Na fita na faɗa wa ƙanena, ban rage komai ba. Sai ya ce:

"Yaya, a gaban mutane? In zauna in yi ta maganar ɗan fari?"

Na ce, "To tashi. Sun ce uba ya zo ya karɓi gawa, kuma wannan karon ba su yarda da aboki ba."