Injin da Ba Ya Jiran Kowa

Shekara biyu bayan rasuwar mai ɗakina na sayar da motata, garejin ya zama babu komai a cikinsa sai tabon baƙin mai a ƙasa. Yaranmu duk sun watse, biyu suna Abuja, autar tana aure a Kaduna, ita ce mai kirana duk Juma'a. Gidan nan na Tudun Wada da a da hayaniya ba ta barin mutum ya ji kansa, ya koma ko cokali ya faɗi sai na firgita. Ni kuwa a reluwe na ƙare ƙuruciyata ina gyaran inji, kunnena bai saba da shiru ba. Sai na ce bari in mai da garejin wurin ɗan taɓe-taɓe, in riƙa fentin ƙofofi da kujerun ƙarfe, ina ba tayoyi iska. Duk wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da kwamfuresa, injin iska.

Abin da na gaya wa yara ke nan. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. A bayan layinmu an taɓa samun wani tsohon malamin makaranta ya kwana uku a ɗaki a mace, sai wari ne ya sanar da mutane. Tun daga ranar ba mutuwar nake tsoro ba, a'a, in faɗi a gidan nan babu wanda ya sani.

Na je wani shago a hanyar Bosso. Mai shagon ɗan ƙabilar Ibo ne, Hausarsa irin ta Minna, komai mace ce a bakinsa. Ya fara nuna mini wani ɗan fari mai kyau, wanda ba ya shan mai. Da ya kunna shi sai na ji kamar firji.

"Baba, wannan ita ce daidai da gida," in ji shi. "Ko jariri tana barci ba za ta tashi ba."

Irinsa autata ta ce in saya, don kada in dami mutane. Amma idona yana kan wani ja a lungu, mai bel da ƙaton tanki. Na ce a kunna shi. Kai! Har kwalayen da ke kan kanta sai da suka yi rawa.

"Wannan za ta hana maƙwabta sakat fa, Baba."

"Shi nake so," na ce.

Ya dube ni, ya ga dai ba wasa nake ba. Sai ya nuna mini wani baƙin akwati a kan tankin, ya ce in iska ta ragu injin zai tashi da kansa, in ta cika ya tsaya da kansa, ba ya jiran kowa. Wallahi maganar ta yi mini daɗi. Na ce a ɗora mini shi a Keke mai ƙafa uku.

Katanga ɗaya ce tsakanina da maƙwabcina, wani tela Banufe, mutumin Bida. Kakana Bakatsine ne da aikin jirgi ya kawo shi Minna, don haka tun muna da baƙin gashi ni da telan nan ba mu da gaisuwa sai tsiya, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa. Ranar da na fara tayar da injin, ko minti biyar ba a yi ba sai ga shi da awo a wuya.

"Kai Bakatsine! Da suka sallame ka daga reluwe, kan jirgin ka sato?"

Na yi dariyar da na daɗe ban yi ba. Daga nan kullum sai ya leƙo ya yi mita, 'yan acaba suka gane wurin suna shigowa a ba tayoyinsu iska. Doka ɗaya na sa wa kaina: da ladan ya buɗe baki a masallacin kan kwana, sai in kashe injin daga bango, ko ina tsakiyar fenti. Ban taɓa gaya wa kowa ba, haka kawai na saba.

Wata Talata da hantsi na hau benci zan ɗauko gwangwanin fenti. Bencin ya goce. Na ji ƙuguna ya ce ƙas, kuma ko juyawa na kasa. Ƙofar gareji na sa mata sakata ta ciki saboda awakin unguwa, waya tana ɗaki a caji. Ga wani ɗan yoyo a tiyon iskar, wanda kullum nake cewa gobe zan ɗaure shi. Saboda yoyon nan, bayan 'yan mintoci sai tankin ya ragu, injin ya tashi da ruri, ya cika, ya yi shiru, ya sake tashi. Wutar lantarkin da ba ta yini a unguwarmu, ranar ta ga damar zama.

In ya yi shiru sai in yi ihu, amma muryar ba ta wuce ƙofa. Wani ɗan acaba ya ƙwanƙwasa, ina buɗe baki injin ya tashi. Da ya lafa na ji yana ce wa wani, "Baba aiki ya sha masa kai yau," ya ja babur ɗinsa. Na sayo abin nan don ya riƙa shaida wa unguwa ina raye, ga shi yana ta shaida musu, ni kuwa ina kwance a cikin baƙin mai. Na zage shi, na zagi mai shagon, na zagi kaina.

Aka kira azahar. Ladan yana tsakiyar kira injin ya danne muryarsa. A nan na yi kuka, kukan da ko ranar jana'izar matata ban yi a gaban mutane ba. Babu wanda ya zo.

Aka kira la'asar, injin ya sake yi. Ba a daɗe da idar da salla ba na ji ana dukan ƙofa kamar za a karya ta, kuma karya ta aka yi. Telan ne da ladan. Telan bai ko dube ni ba sai da ya je bango ya kashe injin. Sannan ya durƙusa, ya ɗora kaina a cinyarsa.

"Da azahar na zage ka a raina," in ji shi. "Da la'asar na ce wa ladan, wannan ba shi ba ne. Bawan nan nawa ba shi da kunya, amma bai taɓa barin ƙarfensa ya yi magana a kan kiran salla ba."

Ashe yana lura. Duk tsawon lokacin nan yana lura.

Na yi wata uku a Kaduna ina jinya. Autata ta ce in zauna, a sayar da injin. Na ƙi. Da na dawo, da sandata da komai, aikin farko da na yi shi ne na cire baƙin akwatin nan na sa makunni na hannu. Yanzu ba ya tashi sai na tashe shi.

Bara idon telan ya mutu, 'ya'yansa suka zo suka mai da shi Bida. Gidansa an ba wasu ma'aikata haya, mata da miji, mutanen kirki. Suna fita da sassafe, suna ɗaga mini hannu ta gilashin mota. Sau ɗaya mijin ya tambaye ni, cikin ladabi, ko ba a samun irin injin da ba ya ƙara.

Har yau da ladan ya buɗe baki nake jan ƙafa in je bango in kashe injin. Sai in ɗan tsaya a wurin, hannuna a kan makunnin, ina sauraron bayan katanga. Babu kowa a wancan gidan sai dare.