Kwamfutar Gwajin Motar Kawu

Ƙaryar da na yi wa Kawu ba ta da girma a ranar da na yi ta. Daga baya ne ta yi ƙiba har ta hana ni cin tuwo.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, bakanike a Apo, gidansa kuwa a Kubwa. A wurinsa na zauna bayan na gama bautar ƙasa, ina jiran aikin da ya ƙi zuwa. 'Ya'yansa duk mata ne, ni kaɗai ne ƙaton da ke kwance a ɗakin zaure ina cinye musu abinci. Burina a lokacin guda ɗaya ne tak: in haɗa kwamfutar buga gem da hannuna. Na tara ɗan abin da na tara daga alawus, amma duk yadda na juya shi, ko rabin hanya ba ya kai ni.

Wata rana bayan magariba Kawu ya dawo ransa a ɓace. Wani darakta a wata ma'aikata, wanda ya daɗe yana kawo masa gyara, ya kai motarsa garejin wasu samari, wai suna da kwamfutar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta.

"Shekara nawa ina sauraron inji da kunnena," in ji Kawu, "yau an ce kunnen ya tsufa."

Wallahi bakina ne ya riga ni. "Kawu, ai ni ma zan iya haɗa maka irinta. Ɗan ciko kawai nake nema."

Ya dube ni, ya dubi kwanon tuwonsa, ya ce to, zai cika. Amma da sharaɗi: tare za mu je kasuwa, don shi ko ƙusa ɗaya bai taɓa saya ba sai ya riƙe ta a hannu. Na ce ba damuwa.

Ranar Asabar muka shiga wata filaza a Wuse, inda shagunan kayan kwamfuta suke jere hawa-hawa. Na riga na shirya jawabina tun a mota. Furosesa, na ce masa, ita ce injin. Allon da ake dasa komai a kai shi ne bodin. Fankoki su ne lagireto. Kawu yana gyaɗa kai, yana ɗaukar kowane abu yana auna nauyinsa a tafin hannu.

Rigimarmu ta farko a kan akwatin wuta ce, wanda ke raba wa sauran kayan lantarki. Ni mafi arha na ɗauka, don kuɗi su rage mini in zuba a katin hoto, wanda shi ne ran gem gaba ɗaya. Kawu ya karɓa, ya girgiza shi a kunne, ya ajiye.

"Wannan ba komai a cikinsa sai iska. Na ga mota ta ƙone ƙurmus saboda wayarin banza. Da wutarmu ta Kubwa da ke zuwa tana tsalle? Kawo mai nauyin can."

Na ji haushi ƙwarai, amma mai nauyin muka saya. Sai muka zo kan gidan da za a zuba kayan. Na nuna wani mai gilashi a gefe, kyakkyawa, har yawu na haɗiya. Kawu ya ce gilashi a gareji? Ya sa aka jawo masa wani tsohon gidan ƙarfe mai ƙarzunan jiki daga ƙarƙashin tebur. A nan na turje a kan abu ɗaya: fankoki uku masu fitilu kala-kala, da allon rubutu, wato kibod, mai walƙiya irin tasu.

"Fitilun na mene ne?"

"Su ke nuna ciwon motar, Kawu. Ja, inji ne. Shuɗi, giya. Kore kuma lafiya lau."

Allah Ya yafe mini. Ko ƙifta ido ban yi ba. Kawu ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ikon Allah," aka saka su a leda.

Katin hoto kuwa sabo ya fi ƙarfinmu, dole sai na hannu. Mai shagon, wani mutum mai fara'a da Hausar kasuwa, ya fito da wani yana sheƙi.

"Oga, wannan kamar sabo ne. Mace ɗaya ne ya yi amfani da shi, ofis kawai."

Kawu ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Ashe ku ma kuna da matar nan! Mu ma a Apo duk motar da za a sayar, ita ce ta hau."

Ni kuwa na riga na mutu a kan katin. Sunansa shi ne wanda na kwashe watanni ina gani a bidiyo, farashin kuma daidai aljihu. Na raɗa wa Kawu cewa ya bar mini wannan, fannina ne. Bai ko kula ni ba. Ya kai katin hancinsa ya shaƙa, kamar mai zaɓen daddawa. Ya juya shi, ya duba kawunan ƙusoshin.

"Wannan ya sha wuta, yana warin ƙuna. Kuma an buɗe shi ba sau ɗaya ba, dubi yadda sukundireba ta cinye kan ƙusar. Jona shi mu gani, ka bar shi ya yi zafi."

Aka jona. Muka tsaya kamar minti goma, ina cika ina batsewa don kunya. Sai allon ya fara fitar da ɗige-ɗige kore, ya ɗauke ɗif. Mai shagon ya sosa ƙeya, ya shiga ciki ya fito da wani katin, ƙarami, mummuna, mai ƙura a fanka. Kawu ya shaƙa ya ce wannan dai ƙura ce kawai. Mai shagon yana miƙo mini ledar sai ya ce, "Wane gem za ka fara bugawa?"

Na yi tari mai ƙarfi, na taka masa ƙafa. Kawu yana duba wayarsa.

Kwana biyu na yi ina haɗawa. Da na danna maɓalli fankoki suka juya, fitilu suka kama, sai da na yi tsalle na buga kai da ƙofa. Na jona ta da tsohon talabijin ɗin zaure, na yi kwana uku ina harbe-harbe da murya a ƙasa. Daɗi kam na ji shi, ba zan ɓoye ba.

Ranar Alhamis matar Kawu ta kawo mini koko, take ce mini, "Kawunka fa ya cika layinsu na Apo da labari. Jibi duk za su taru su ga na'urar, har daraktan nan ya ce zai kawo motarsa."

Kokon nan ban sha shi ba. A raina na hango Kawu tsaye a gaban abokan sana'arsa, ga akwatin ƙarfe yana walƙiya, ba ko igiyar da za ta shiga mota. Mutumin da bai taɓa cika baki a kan abin da bai iya ba, ni zan sa a yi masa dariya.

Da safe na bi shi a motarsa. A cunkoson fita daga Kubwa, inda ba wurin gudu, na faɗa masa komai, har da zancen fitilu. Bai juyo ba.

"Ja inji, shuɗi giya," ya ce a hankali. "Kai, ɗan nan, ka iya tsara ta. Na'urar samarin nan na gan ta da idona, ba ta fi tafin hannuna ba. Tun a kan tuwo na sani."

"To Kawu, me ya sa ka tara mutane?"

"Don ka ji abin da kake ji yanzu." Ya saka giya, muka matsa taku biyu, muka tsaya. "Da ka ce mini abin wasa kake so, da na saya maka, in yi ta tsokanarka. Amma ka ɗauki abin da ke damuna ka yi ciniki da shi. Wannan ya yi mini ciwo."

Na tambaye shi me zai faɗa musu gobe.

"Ni? Ba abin da zan faɗa. Na ce musu ɗana zai kawo mini na'urar gwajin mota. Kada ka mai da ni maƙaryaci."

Bai taɓa kirana haka ba sai ranar. A Wuse ya sauke ni. Na kira matarsa ta sa aka kwance fankokin nan uku, ta aiko mini da su da allon rubutu mai walƙiya, na mayar wa mai shagon, ya yi mini wulaƙancin farashi son ransa, na nemo 'yar na'urar da ake jonawa ƙarƙashin sitiyari tana magana da waya. Na bi Kawu Apo, da motarsa na koya, har la'asar ina tsugune a ƙofar direba.

Washegari a Apo na jona ta a motar daraktan. Ta nuna fulogi na uku ne ba ya wuta. Kowa ya yi kabbara. Kawu ya sunkuyo kamar zai duba wayar, ya ce mini a kunne, "Tun yana shigowa na ji. Amma faɗa musu da ƙarfi, ɗana."