Harafin da ke jikin kwalin safar hannu

Daminar da amai da gudawa ya shiga ƙauyukan Shagari, ina gona a Bodinga aka bugo mini waya cewa yayana ya rasu a Horo Birni. Jiya ya kwanta, yau da hantsi babu shi. Tun muna samari muka yi alkawari, duk wanda ya riga tafiya, ɗayan ne zai wanke shi.

Matata ta tare ni a zaure, goye da autarmu.

"Malam, in kat tafi kaɗ ɗauko muna cutar fa?"

Na tura babur na fita.

Na tsaya wani kemis a bakin kasuwa. Mutane cike, kowa takunkumi yake saya kamar lokacin korona. Da na faɗa wa mai kemis abin da ke gabana, ya ce, "Baba, wagga cuta ba ta hanci taka shiga ba, daga hannu zuwa baki na. Safar hannu za ka saye, da ledar ɗaurawa gaba, ka sa takalmin ruwa." Ya turo mini kwalaye uku. "Zaɓi daidai hannunka." Ya juya wurin wata mata da ɗanta ke amai a bakin ƙofa.

Lokacin ina ajin yaƙi da jahilci, na fara gane baƙaƙe. Kwali ɗaya S, ɗaya M, ɗaya L. Na tsaya ina nema musu kalmomi. S na ce ko ta samari ce. L ban samo mata komai ba. M kuwa ai manya. Hannuna na manomi ne, faffaɗa, sai na zari guda biyu daga kwalin M. Sai daga baya malamin ajinmu ya gaya mini Turanci ne, M matsakaiciya ce, L ce ta manya.

A Horo Birni na tarar ma'aikacin lafiya ya bar jarkar ruwan magani, ya ce kada a wuce mutum biyu a wurin wanka. Baffa, ƙanen mahaifinmu, shi ne zai zuba mini ruwa. Ya kalle ni ina kokawar cusa yatsu cikin safar.

"Ɗan'uwan naka kaka ƙyama?"

"Ba ƙyama ba ta, Baffa. Ɗiya na gida."

"Mu da munka wanke ubanku da hannu tsirara, ba mu da ɗiya ke nan."

Na ci gaba da cusa hannu. Da ƙyar safar ta shiga, ta ɗame ni har yatsuna suna zugi. Na yi bisimilla muka fara.

Ina juya Yaya gefen hagu na ji ɗas. Safar dama ta tsage daga babban yatsa har tsakiyar tafi, daidai inda fartanya ta fasa mini fata. Ruwan wankan ya shige ciki, na ji sanyinsa. Na tsaya, kafaɗar Yaya a hannuna, na kasa saki, na kasa ci gaba.

Baffa ya aje buta. "Fid da hannunka. Fid da shi, na ce!"

Ya kwarara mini ruwan magani, ya yi ta kwarara, ciwon yana raɗaɗi. Ya fita, ya dawo da wata baƙar safar roba mai kauri, wadda Yaya ke sawa in zai yi wa albasa feshi. Muka wanke ta ciki da waje. Na sa, ta zauna mini daidai har gwiwar hannu. Da ita na ƙarasa.

Da na koma Bodinga ban shiga cikin gida ba. Na shimfiɗa tabarma a zaure, na ware butata da kwanona. Matata takan aje tuwo a bakin ƙofa ta ja baya. Auta takan rarrafo in ta ji muryata, a janye ta tana kuka. Ko yaya cikina ya yi ƙugi sai in miƙe zaune ina saurare, ina lissafin babur ɗin wa zan kira ya kai ni asibiti.

Mako ya zagayo ban ga komai ba. Ran nan matata ta kawo tuwo, ba ta aje a ƙofa ba. Ta shigo har kan tabarma, ta kwance goyon ta ɗora mini a cinya.