Allunan Holan da Ƙayar Baba Heluma

Ban manta ba, kuma ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na rubuta takardar da za ta kori mutumin da ya koya mani aiki. Kun ce in ba ku labari guda daga shekarun da na yi a aikin ruwa, to wannan zan ba ku, ko da yake ba ni ne gwanin labarin ba.

Lokacin kuɗin mai ne, 'yan shekaru bayan yaƙin basasa ya ƙare. Ana ta shimfiɗa bututu cikin birnin Katsina, kuma duk ma'aikacin da ya iya rubutu da karatu sai ka ji an tura shi kos. Ni ƙaramin mai haɗa bututu ne a sa'an nan, ina ƙarƙashin wani dattijo mai suna Ɗan'azumi. Shi ne heluma, wato shugaban leburori, kowa Baba Heluma yake ce masa. Daga ƙauye ya shigo birni cin rani tun yana saurayi, aikin ya riƙe shi. Bai san ko bihim ba a boko, amma in ya tsuguna ya dafa ƙasa zai gaya maka inda bututu ke yoyo. A hannunsa na koyi riƙe sifana.

Sai rabo ya faɗo kaina, aka tura ni ƙasar Holan wata shida. A aji da Turanci ake koya mana, amma da na fita titi na zama kurma, ko kalma ɗaya ta harshensu ba na ganewa. Abin da ya cece ni shi ne allunansu, domin mutanen nan komai sai sun yi masa hoto. Na sayi ɗan littafi ina kwafar duk wanda ya ba ni dariya.

Na farko da na zana, kare ne ya tsuguna yana biyan buƙata, an ja masa jan layi. Na daɗe tsaye ina tunanin wane malami ne ya karantar da karnukan ƙasar. Daga baya na gane ashe da mai karen ake, domin can kowane kare da ubangidansa, wasu har da riga saboda sanyi. Akwai allo mai hoton agwagwa da 'ya'yanta a jere, kuma da idona na ga direban bas ya taka burki, mu kusan talatin muna zaune, har sai da uwar ta gama tsallakewa da yanga. Akwai na saniya, ba tozo ba ƙaho, ka ce an aske ta. Shugaban makarantarmu, mutum mai furfura da digiri, a kan keke yake zuwa aiki ya matse ƙafar wando da ɗan ƙarfe, alhali a gida na baro kowane akawu yana mafarkin mota. Gidajensu kuwa tagogi manya ba labule. Kana wucewa za ka hango maigida da iyalinsa suna cin abinci, ni da na taso a gida mai zaure biyu a Ƙofar Sauri, ni ke jin kunya ina sunkuyar da kai.

Allunan sun taɓa kunyata ni sau ɗaya. A tashar jirgin ƙasa na matsu, na nufi makewayi, na tarar da ƙofa biyu. Ɗaya an zana mutum tsirara haka nan kamar sanda, ɗayar an zana mutum cikin riga mai faɗi har gwiwa. Na dubi jamfar da ke jikina, na ce ai wannan mai mutuncin shi ne namu. Wata tsohuwa ce ta fito da ni, ba ta daka mani tsawa ba, ta dai riƙe mani hannun riga har waje tana girgiza kai.

Duk waɗannan nakan zana su a wasiƙa in aiko wurin aiki. An ce akawu ke karantawa lokacin hutu, leburori su kewaye shi, Baba Heluma ya yi ta dariya har hularsa ta faɗi. Na agwagwa ya fi so, ya sa a sake karanta masa shi ba sau ɗaya ba.

Amma akwai allo guda da ban yi wa dariya ba. Duk inda suke haƙa a titi za ka ga alama mai kusurwa uku da jan baki, a ciki mutum riƙe da shebur. Ni baƙo, wanda bai iya harshensu ba, kallo ɗaya na gane. Na ce a raina maganin matsalarmu ke nan. Mutanenmu da yawa ba su karanta boko, amma kowa yana gane hoto. Da wannan na dawo gida, kaina ya cika fal.

Da dawowata aka ba ni riƙon muƙamin mai duba aiki. Ƙa'ida ita ce ka yi shekara guda kana riƙo, in fayil ɗinka ya fita fes a tabbatar da kai. Na zama sama da Baba Heluma ke nan. Tun ranar ya daina ce mani Sani, ya koma Malam Sani. Na sayi sabon babur, kuma ban ɓoye maku ba, ina jin kaina.

Aikin farko da aka ba ni shi ne babban bututu da zai ratsa wani lungu a Ƙofar 'Yandaka. Ramin ya fi tsayin mutum zurfi, muka jera bututun ƙarfe a ƙasansa, sai kayan haɗi suka maƙale a tashar jiragen ruwa ta Ikko kamar yadda komai ke maƙalewa a shekarun. Dole ramin ya zauna a buɗe, da katako guda biyu da aka gitta don masu tsallakewa. Al'adar leburorinmu ita ce su saro ƙayar magarya su kewaye bakin rami da ita. Ni kuwa na ga abin ƙauyanci ne. Na kai littafina wurin mai fenti, ya yi mani alluna shida na langa-langa masu kyau ƙwarai, na sa aka kafa, na ce a kwashe ƙayar.

Baba Heluma ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya don kada leburori su ji.

"Malam Sani, allunan ga sun yi kyau. Amma a bar ƙayar tare da su. Ba kowa ba ne allo zai yi ma amfani."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce, "Baba, ai shi ya sa na yi hoto ba rubutu ba. Ko jariri ya gani ya gane. A kwashe."

Bai ƙara ba. Shi ba mutum ne mai maimaita magana ga na gaba da shi a idon yaransa ba. Aka kwashe ƙayar ina tsaye.

Bayan kwana huɗu tayar babur ɗina ta yi faci a bakin ramin, mai faci ya zaro ƙaya. Kashegari ma haka. Da na matsa wa wani lebura da tambaya ya faɗa mani gaskiya: kullum in na tashi daga aiki Baba Heluma yana mayar da ƙayar, da safe ya janye ta kafin in iso. Raina ya ɓaci sosai. Ba facin ne ya dame ni ba, gani nake duk leburori suna mani dariya a bayan idona.

Ranar Alhamis na zauna na rubuta rahoto zuwa ga Injiniya Lawal, shugaban sashenmu, cewa heluma ya ƙi bin umarni da gangan. Ku na yanzu ba ku san nauyin wannan ba. A lokacin ma'aikaci irinsa ba shi da wata kariya, rahoton mai duba aiki kaɗai ya isa a sallame shi, kuma wanda aka sallama a kan ƙin umarni ba ya samun komai na barin aiki. Baba Heluma kuwa saura masa ƙasa da shekara ya huta. Na san da haka, na kuma miƙa takardar. Injiniya yana rangadi, aka ce sai Litinin zai dawo.

Ranar Asabar, da yake muna aikin rabin yini, na yi sammako don in kama shi da idona. Gari ya waye sarai, mata sun fara shara. Na tarar da ƙaya a jere tun daga farkon ramin har ƙarshensa, Baba Heluma yana zaune a kan wani dutse shi kaɗai. Ko gaisuwar kirki ban yi masa ba. Na kama wani babban reshe daidai bakin lungun na fizge shi gefe, ƙaya ta yage mani tafin hannu, na buɗe gurbi kamar faɗin ƙofa.

Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda daga cikin lungu. Wani makaho ne, dattijo, da damin igiya a ka. Daga baya na san sunansa Malam Iro, igiya yake tuƙawa ya kai kasuwa, kuma wannan ce hanyarsa shekara da shekaru. Tafe yake da sauri irin na wanda ya san hanya. Sandarsa ta bugi allona, ya ɗan kauce yana cewa wane ne kuma ya kafa kwano a tsakiyar hanya, ya miƙe sak zuwa gurbin da na buɗe. Tsakaninsa da ramin bai fi taku biyar ba.

Na buɗe baki zan yi ihu, Baba Heluma ya damƙe mani hannu.

"Kada ka yi mashi tsawa, firgita zai yi ya hwaɗa," ya ce a hankali.

Ya sunkuya, ya jawo reshen da hannu ba tare da ya kula da ƙayar ba, ya mayar da shi gurbinsa. Sandar Malam Iro ta taɓa ƙaya, ya tsaya cak. Ya bi shingen da bakin sanda, a hankali, har ya kai kan katako.

"Ɗan'azumi, kana nan? Ina kwana, ina gajiya? Har yanzu ba ku rufe ramin ga ba?"

"Lahiya lau, Malam Iro. Muna jiran kaya. A tahi sannu."

Ya tsallake ya wuce abinsa, bai san abin da ya faru ba, kuma har ya bar duniya ba wanda ya gaya masa. Ni kuwa na zauna a kan ƙasar da aka tono. Na leƙa ramin na ga bakin ƙarfen da zai faɗa a kai. Baba Heluma yana ta zare ƙaya daga yatsunsa. Can ya ce shi dai kullum sai Malam Iro ya wuce yake janye ta, kuma da yamma kafin ya dawo yake mayarwa.

Na hau babur na nufi ofis don in zare takardata kafin Litinin. Ashe Injiniya Lawal ya dawo tun daren Juma'a, na same shi zaune da ita a gabansa. Na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Takardar nan ta shiga rajista, an ba ta lamba, ba a yaga ta. Hanya ɗaya ce. Ka rubuta wata ka ce ka janye, ka kuma bayyana cewa umarninka ne kuskure. Amma ka sani a fayil ɗinka za ta zauna, kuma tabbatarwarka za ta ja baya. Ko kuwa ka bar ta yadda take, in sa hannu."

Na roƙi takarda da biro a nan teburinsa na rubuta. Tabbatarwata ta ja baya da shekara guda, abokan kos ɗina suka wuce ni, kuma ban taɓa yin hasarar da ta yi mani daɗi kamar wannan ba. Injiniya ya ba da umarni daga ranar kowane rami a kafa masa allo, a kuma kewaye shi da ƙaya.

Da la'asar na tafi gidan Baba Heluma. Na same shi a ƙofar gida, na durƙusa kamar yadda na saba yi tun ina koyon aiki, na gaya masa abin da na rubuta a kansa, na nemi gafara.

"Na sani, Sani," ya ce. "Masinja ya hwaɗa mani tun ranar Alhamis da azahar."

Na ce, "Baba, ka san aikinka na hannuna, ka kuma sake sa ƙayar har kwana biyu?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar yara.

"Ai takardarka ba ta cike ramin ba."

Ya yi ritayarsa lafiya, da haƙƙinsa cikakke. Ya daɗe da rasuwa yanzu, Allah ya jiƙansa, kuma ba na yin sallah in manta da shi. Na gode wa waɗanda suka tura ni Holan, na ga duniya, na koyo abubuwa masu amfani da har yau ake aiki da su. Amma rai guda da saura kaɗan a rataya mani a wuya, wannan dattijon ne ya sauke mani shi, a lokacin da nake neman raba shi da abincinsa.

Saboda haka ku da kuke kan aiki, kafin ku canza wani abu da kuka tarar leburori suna yi, ku je wurin da sassafe ku zauna ku ga su wane ne ke bin hanyar. In tsohon ma'aikaci ya matso ya yi ƙasa da murya, ku bar shi ya kai ƙarshen maganarsa. Ni rabin magana na ji, kuma saura taku biyar ya rage.