Doña Herlinda da Tudun da Ta Hana Hawa

Kafin Don Cástulo ya ɗaga murfin tukunyar tamal ɗinsa, alalar masara da yake sayarwa a bakin ƙofa, Doña Herlinda Zacarías ta riga ta buɗe kwaɗon kufan unguwarmu, ta rataye jakarta a reshen da ta saba, ta ɗauki tsintsiya. Daga gindin dala take farawa. Dala muke ce mata don kara. In ka hau rufin shagon wankin da ke kusa, daga sama za ka leƙo ta. Amma matakalarta ta girmi duk wani coci a birnin Meziko, kuma a gefenta na gabas akwai sauran jan yaɓe wanda hannun da ya shafa shi ya zama ƙasa tun kafin Turawa su san da mu. Doña Herlinda takan tsuguna ta tsige ciyawar da ta tsiro tsakanin duwatsu da yatsunta, tana yi mata faɗa kamar 'ya'yan maƙwabta. In ta gama sai ta rataya usur a wuya, ta zauna a kujerar robarta. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, don gwiwoyinta sun riga ta yin ritaya.

Masana suna cewa kufan unguwar masu ginin tukwane ce ta zamanin da. Mu kuwa hanyarmu ce ta yanke zuwa kasuwa. Nan tsofaffi suke buga domino a inuwa, nan 'yan mata suke ɗaukar hoton bikin cika shekara goma sha biyar, nan ma'aurata suke zuwa su ƙarasa faɗan da gida ya yi wa kaɗan. Duk wannan ya kusa kuɓuce mana, kuma da yawanmu ba su san wadda ta riƙe mana shi ba.

A watan Maris, ranar da dare da yini suke daidaita, mutane sukan sa fararen kaya su hau duk dalar da suka samu, su ɗaga hannu sama don su ɗebi ƙarfin rana. Rana dai tana nan kullum, kyauta, har a kan rufin kowa, amma an ce ta kan dala ta fi kyau. Waɗanda suka ga manyan dalolin wajen gari sun yi musu nisa sai su taho tamu, da ganguna da turaren wuta. Usur ɗaya ba ya jin kansa cikin ganga goma. Don Cástulo ya shaida ranar da Doña Herlinda ta tare wani ƙato a mataki na biyu, ya ce mata, "Haba uwa, gadon kakanninmu ne, ba na hukuma ba."

Ta dubi ƙafarsa ta ce, "Kakannin naka da takalmin soja suke hawa?"

Ƙaton ya yi dariya, ya kewaye ta ya hau. A wannan shekarar wani ɓangare na jan yaɓen, mai faɗin tafin hannu biyu, ya ɓalle ya zama gari. Malama Rebeca Olguín, masaniyar tarihin da ke kula da wurin, ta zo ta tsuguna a gabansa kamar mai ta'aziyya. Ta gaya wa Doña Herlinda gaskiya: manya sun yanke cewa in aka sake ko da ƙwarzane ne, za a kewaye kufan da ƙarfe a garƙame, mu riƙa leƙensa ta tsakanin sanduna. Doña Herlinda ta tambaya ko za a ƙaro masu gadi. Aka ce ana duba lamarin. Har yau ana dubawa.

A bayan filin akwai wani tulin ƙasa. Masu tono ne suka zubar da shi lokacin da suka haƙo dalar, daga baya maƙwabta suka yi ta taimaka masa da ɓaraguzan gini ta kan katanga. Ciyawa ta rufe shi, ya kuma ɗara dalar tsawo. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun watan Janairu Doña Herlinda ta fara. Ta daidaita ciyawarsa, ta jera duwatsu a gindinsa ta shafa musu farar ƙasa, ta kewaye shi da igiya. Ta kafa allon da ya ninka na dalar girma, da jan rubutu: AN HANA HAWA NAN SAM-SAM. Sannan ta ɗauke kujerarta ta kai gabansa. Duk wanda ya doshi igiyar sai ya ji usur har cikin haƙoransa.

"Comadre, aminiyata," in ji Don Cástulo, "juji kike gadi yanzu? Ko dai ranar ce ta fara shiga kanki tun kafin Maris?"

"Sayar da tamal ɗinka, tsoho. In baƙo ya tambaye ka me ke ƙarƙashin can, ka ce ba a yarda ka faɗa ba."

"To me ke can?"

"Ba a yarda in faɗa ba."

Wanda ya san Don Cástulo ya san ba a ba shi ajiyar magana. Kafin Maris labarin ya kai tashar mota.

Ranar ta zo, masu fararen kaya suka cika fili. Suka dubi ƙaramar dala da ba kowa a gabanta, suka dubi tudu mai igiya da allo da tsohuwa mai zare ido, suka gane da kansu inda ƙarfin yake. Doña Herlinda ta bari suka taru, suka roƙa, ta ƙi. Da rana ta ɗaga sai ta miƙe tana dafa ƙugu, ta ɗaga murya yadda na baya zai ji: "Cástulo! Zan je in sha kununa. Ka kula mini, kada wanda ya hau!" Ta ja kujerarta zuwa gindin matakalar dala, ta zauna da kofinta, ta ba tudun baya.

Kafin kunun ya huce, ba wurin sa ƙafa a saman tulin. 'Yan kaɗan da suka biyo ta wajenta suka nuna dalar suka tambaya, wannan fa? Ta ce, "Wannan ai 'yan makaranta ake kawo wa." Gaskiya ta faɗa, kuma ta ishe su juyawa. Wata mata ta sauko daga tudun tana hawaye, tana cewa ciwon bayanta ya tafi. Don Cástulo, wanda ya san akwai tsohon bahon wankan surukarsa a ƙarƙashin wurin da ta tsaya, ya taya ta murna ya sayar mata da tamal biyu.

Da yamma Malama Rebeca ta zo ta duba jan yaɓen, ta tarar ko ƙura bai zubar ba. Ta je ta tsaya gaban allon, ta karanta, ta daɗe tana kallon takun ƙafafun da ke kan tudun. Ta ce, "Doña, ni ban ga komai ba." Da shekara ta zagayo, ita ta kawo gwangwanin jan fenti don a sabunta rubutun.

Ke ce, Doña Herlinda, kika fahimci abin da mu masu takardu muke ta rubuta littattafai a kansa: ɗan Adam ba dala yake nema ba, igiyar da zai tsallake yake nema. Ke ce kika ba shi igiyarsa, kika bar mana matakalarmu. Ba ki yi wa kowa ƙarya ba, ba ki kori kowa ba, kowa ya koma gida da ƙarfinsa. Mai usur, uwar kufai, ƙofar da muke bi kullum zuwa kasuwa ke kika hana ta rufuwa, mu kuwa gaisuwa ma sai mun ga dama.

Kafin in rubuta wannan na je na same ta, na tambaya ko in bar kaza cikin gashinta, kada in tona asirin tudun a jarida. Ta kurɓi kununta ta ce, "Rubuta abinka, malam. Shekara talatin ina kafa allo a nan. Masu hawa ba sa karatu, in sun karanta ma ba sa yarda."

Mun gode, Doña. Allah ya huta da gwiwoyinki. Wanda zai gaji usur ɗin ya gaji haƙurin tare da shi, ya tuna cewa tsige ciyawa da yatsu ne, shan kunu kuma sai rana ta ɗaga. Mu kuma 'yan unguwa, Maris na tafe kuma kujerar za ta zama ba mai ita, saura aiki ya dawo kanmu. Duk baƙon da ya tare ka cikin fararen kaya ya nuna tudun ya ce me ke can, ka waiga hagu da dama, ka rage murya, ka ce masa ba a yarda ka faɗa ba.