Ampilin Ɗan Kawuna

Shekara ashirin da ƴan kai na yi ina gyaran kayan sauti a wata ma'aikatar gwamnati a nan Yamai. Da na ajiye aiki sai na kafa tebur a zauren gidana na Lamorde, in maƙwabci ya kawo rediyo ko wani abin da ya mutu in duba masa. A wannan teburin nake wata safiyar Asabar, cikin watannin zafi, wayar ɗan kawuna ta same ni.

Ɗan kasuwa ne, tare muka tashi a Maraɗi. Taubashina ne, saboda haka tun muna yara ba mu magana sai da zolaya. Ni ina ce masa Alhaji, shi yana ce mini Mushe, yadda ake kiran ɗan boko a nan, don ni na yi lakwal, wato makarantar boko, shi bai yi ba.

Ya ce, "Mushe, bawana, aje ƙarfen dalmar nan ka zo Bobiyel. Na gina silima a gida, abu ɗaya ya rage."

Na haye gada na tafi. Sabon gida ne, ƙamshin fenti bai ko fita ba. Ya kai ni wani ɗaki marar taga, an lulluɓe bangonsa da jan kyalle, an jera kujeru masu laushi. Ga ƙaton allo a gaba. Ga baful biyar, wato akwatunan da sauti ke fitowa, biyu a gaba, ɗaya a tsakiya ƙarƙashin allo, biyu a baya. Daga Dubai ya sayo su, kuma gaskiya kaya ne masu kyau, sai da na shafa su. Akwai kuma ƙaramar na'urar da ke raba sautin fim gida biyar. Abin da babu shi ne ampili mai hanya biyar, wanda zai karɓi sautin nan ya ba shi ƙarfi ya tura wa kowane baful nasa.

Na durƙusa na karanta rubutun bayan baful ɗin. Irin masu jan wuta da yawa ne, ba kowane ampili ke iya musu ba. A cikin mota, muna tafiya cikin gari neman ampilin, na yi masa bayani yadda zai gane. Na ce muna son wanda kowace hanya cikin biyar ɗin tana da ƙarfinta, ko da duka suna aiki lokaci guda. Na ce ya zama mai shan iska, don zafin garin nan shi ke kashe kaya. Na ce kada ya kula da manyan lambobin da ake bugawa a kan kwali. Sannan na ƙara da maganar da na yi da-na-sanin faɗinta. Na ce ampilin kirki yakan yi nauyi, saboda transfon da ke cikinsa, wani dunƙulen ƙarfe da tagulla wanda shi ke ba shi wuta.

"Nauyi," in ji shi. "To wannan na gane. Ko rago haka ake saye."

Kantin da muka shiga ba shi da nisa da ƙaramar kasuwa. Mai kantin wani mutum ne mai fara'a, ya sha turare har yana hawa kai. Yana ganin babbar rigar Alhaji ya sa aka kawo ruwan sanyi. Ampili iri biyu ya nuna mana masu hanya biyar. Na farko baƙi ne wuluk, ba ado, okaziyo ne, an taɓa amfani da shi a Turai, har da ɗan ƙarzuwa a gefe. An rubuta ƙarfinsa, wat ɗari da ashirin ga kowace hanya. Na biyu sabo ne fil cikin leda, fuskarsa kamar madubi. Da aka kunna shi sai shuɗayen fitilu suka kama rawa, ga allurai biyu suna kaɗawa tun ba a sa masa kiɗa ba. A kan kwalinsa an buga wat dubu goma da jan rubutu.

Na ga idon Alhaji ya tsaya a kansa. Na juya bayan abin, na nuna masa ɗan ƙaramin rubutun da ke kusa da igiyar wuta. Abin da yake sha daga bango bai kai wat ɗari uku ba.

Na ce, "Alhaji, tulun da ke cin guga uku ta ina zai zubo maka guga ɗari?"

Mai kanti ya yi dariya ya ce, "Baba, wannan sabuwar fasaha ce. Ba irin ta zamaninku ba."

Na ce, "To ba ni turnabis in kwance ƙusoshin in buɗe in ga fasahar."

Ya ce ba a buɗe sabon kaya, in an buɗe garanti ya faɗi. Sai ya dubi Alhaji ya ce, "Alhaji, kai dai ɗaga ka ji."

Alhaji ya naɗe hannun riga ya ɗaga baƙin, ya aje. Ya ɗaga mai fitilun, sai da ya yi nishi. Ya fi wancan nauyi nesa ba kusa ba. Ya juyo yana murmushi.

"Mushe, ba kai ka ce nauyi ba? Ko ka janye?"

Na yi ta bayani cewa nauyi alama ce ɗaya cikin alamomi, amma na ga ba ya ji. Ya ce ba zai gina ɗaki irin wancan ya sa masa kwancen Turawa ba, baƙinsa su zo su ga ƙarzuwa. Aka ɗora mai fitilun a mota. Ni kuwa tun daga nan raina ya fara ɓaci, don abin da zan yi na sani, ni ne zan ɗaura shi da hannuna a kan waɗancan baful masu kyau.

Bayan azahar na gama haɗa wayoyi. Alhaji ya kira abokansa biyu daga maƙwabta, suka zauna suka miƙe ƙafa. Aka sa wani fim na yaƙi. Tun minti na farko kunnena ya gaya mini akwai matsala. Maganar mutanen fim, wadda ya kamata ta fito daga baful na tsakiya kaɗai, tana fitowa ta ko'ina, har ta bayan ƙeya. Idan bindiga ta tashi sai sautin ya tsage kamar ana yaga buhu. Na ce a rage. Alhaji ya karɓe abin latsawa ya ƙara.

"Bari maƙwabta su san an gama ginin," in ji shi, abokansa suna dariya.

Ba a yi rabin awa ba wari ya cika ɗakin. Ba warin ƙonewar waya kaɗai ba ne, wanda na saba da shi. Akwai wani abu a ciki mai kama da ƙonannen gashi haɗe da ruɓaɓɓen abu. Ɗakin ba taga, kilim mai sanyaya ɗakin kuma sai juya warin yake yana dawo mana da shi. Ɗaya daga cikin baƙin ya toshe hanci da hularsa ya fita. Sai muka ji ƙas, sauti ya ɗauke. Fitilun dai suna ta rawarsu.

Na zare wuta, na cicciɓi abin na kai shi tsakar gida inda ke da haske. Ban nemi izinin kowa ba na kwance murfin.

Abin da na fara gani kyankyasai ne. Wasu sun gasu sun manne a jikin allon wayoyi, wasu da ransu suka watse kan tayil, ɗaya ya bi hannun rigata. Ƙwayayensu jere a lungu kamar an zuba wake. Na kakkaɓe hannu na ja da baya. Kyankyaso ba ya haihuwa a cikin kayan da ya fito daga masana'anta jiya. Wannan abin ya daɗe yana zaga gidajen mutane.

Da na daure na sake leƙawa sai na ga sauran. Akwatin kusan fanko ne. Allon da ke aikin duka bai fi tafin hannuna ba. Ramuka biyar na baya, inda na ɗaura baful biyar, an haɗe su da waya zuwa hanya biyu kacal. A wurare uku akwai tabon tsohuwar ƙuna da aka lafta wa dalma, aikin ganganci, irin wanda ko almajirin gyara na sati ɗaya zai ji kunyarsa. A tsakiya kuma ga wani ƙaton gwangwani baƙi an ɗaure shi da ƙusoshi, wai shi ne transfo. Babu waya ko ɗaya da ta shiga cikinsa. Na ƙwanƙwasa shi da turnabis, na ɓantare gefen. Siminti ne. An cika gwangwani da siminti an shafa masa baƙin fenti.

Na kira Alhaji na nuna masa. Na kuma gaya masa baful na tsakiya ya ƙone, sai an nemo masa kayan gyara. Na zaci zai yi faɗa. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon simintin, yana taɓa shi da ɗan yatsa. Sai ya ce, "Rufe. Gobe mu koma."

Washegari da hantsi muka koma kantin. Na kwana ina shirya maganar da zan faɗa wa mutumin nan. Na aza abin a kan teburinsa na ɗage murfin a gaban idonsa. Ko gezau bai yi ba. Ya leƙa, ya hure wani mataccen kyankyaso, ya ce, "Ai Alhaji ƙure shi kuka yi. Wannan ba a ƙure shi."

Na ce, "Simintin fa? Shi ma mu muka ƙure shi?"

Ya ce, "Baba, mutane ne ke son nauyi. In ba nauyi ba sa saye. Ni abin da ake so nake kawowa."

Ya yarda a musanya mana da baƙin ba tare da gardama ba. Sannan, muna tsaye, ya mayar da murfin mai fitilun, ya ɗaure ƙusoshin, ya fesa masa maganin goge gilashi, ya goge fuskar har ta koma madubi. Ya jawo sabuwar leda daga ƙarƙashin tebur. Na tambaye shi me zai yi da shi. Ya ce akwai mai yi masa dalma, zuwa jibi ya tashi. Yadda ya faɗa ɗin, ka ce maganar ɗinkin takalmi yake.

Na juya wajen Alhaji ina jiran ya buɗe baki, shi da aka cuta, shi da aka ƙona wa kaya. Sai na ga yana murmushi, irin murmushin da yake yi idan ya ga ɗan kokawa ya yi kaye mai kyau. Ya jawo kujera ya zauna.

Ya ce wa mai kanti, "Kai, amma mutanen nan sun iya. Daga wace ƙasa kake ɗauko su? Guda nawa ke shiga kwantena?"

Mai kanti ya sa aka sake kawo ruwan sanyi. Suka sunkuyar da kai wuri ɗaya suna magana ƙasa-ƙasa, suna latsa waya. Na ji Alhaji yana cewa a Maraɗi masu gidan kallon ƙwallo da masu biki za su yi rububinsa. Aka miƙo mini ruwan, na kasa sha. Turaren mutumin da warin da ya maƙale a hannuna tun jiya suka haɗu a hancina. Na fita na tsaya a rana har suka gama.

Baƙin ampilin na ɗaura shi a ranar, don na riga na yi alkawari. Na bar masa sarari a sama da gefe yadda zai sha iska. Bayan sati biyu na gyara baful na tsakiya. Da muka gwada, magana ta fito daga inda bakin mai magana yake, ruwan sama na cikin fim ya zubo ta bayanmu har Alhaji ya waiga. Ya ce, "Mushe, ashe ka san aiki." Ya sa aka saka ampilin cikin kabad aka rufe, don kada baƙi su ga ƙarzuwar. Sai da na yi da gaske ya bari aka huda bayan kabad ɗin.

Bayan watanni muka je Maraɗi sunan jikar yayata. Na bi ta kantin ƙanen Alhaji don mu gaisa, na tarar da irin ampilin nan mai fitilu jere a kan kanta, guda takwas ko tara, cikin leda. Da yamma a wurin suna, ana cin tuwo, wani ɗan ƴar'uwarmu tela, mai iyali, ya matso kusa da ni. Ya ce yana son ya buɗe gidan kallo a gefen shagonsa, an ce masa ni na zaɓa wa Alhaji irin wannan ampilin a Yamai, shi ya sa hankalinsa ya kwanta.

Na aje lomar da ke hannuna. Na ce, "Wa ya ce maka ni na zaɓa?"

Ya nuna Alhaji da baki, yana zaune tabarma ɗaya da mu.

Ban rage murya ba. Na ce masa kada ya saya, siminti ne a ciki, hanya biyu ce aka yi wa ramuka biyar, kuma zai ƙona masa baful. Na ce duk wanda ya ce da sunana aka zaɓe shi ƙarya yake yi. Wani dattijo ya ce a bar maganar kasuwa a wurin suna. Alhaji ya wanke hannu ya tashi, bai gama cin tuwonsa ba.

A motar haya na dawo Yamai, ko da yake a motarsa muka tafi. Telan ya kira ni daga baya, na haɗa shi da wani tsohon abokin aikina da ya samo masa ƙaramin ampili mai hanya biyu, wanda ya ishe shi. Alhaji bai sake kirana ba. Matata takan ce zumunci ya fi ƙarfin akwatin rediyo, in shirya in je in gaishe shi. Nakan ce mata to. Da sallar da ta wuce na aika masa da gaisuwa ta waya, ya amsa da kalma biyu, ni ma ban ƙara ba.